Karkarwar da ke Hannun Safiyanu

Safiyanu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a bayana ya girma, don haka in na ce na san shi ba cika baki nake ba. Sunana Mero, shi kuma Adda yake ce mini. Rugarmu tana bayan Farin Dutse a ƙasar Gwaram, ko da yake yanzu sunan ruga kawai ya rage. Ɗakunan ƙasa ne da rufin kwano, da gonakin gero da dawa, da 'yan shanun da ake tatsa. Fillancin ma sai na gaisuwa.

Tun yana yaro shi mutum ne mai tattalin abu har ya ba ka haushi. A raba wa yara rake, kowa ya shanye nasa, Safiyanu ya ɓoye nasa a rufin ɗaki har ya bushe. Takalmin sallah a hannu yake riƙe shi, sai ya hango mutane sannan ya saka. Na sha ranƙwashinsa a kan wannan hali, bai daina ba. Kuma ba rowa ba ce, don in ka roƙe shi abin zai ba ka. Shi dai tsoro yake kada abu ya lalace a hannunsa.

Yana saurayi ciwon Baffa mahaifinmu ya fara. Da hannun dama ya soma, wata 'yar karkarwa da muka ɗauka sanyi ne. Sai ta ƙi tafiya. Ta kai Baffa ba ya iya tatsa, ta kai ba ya iya riƙe ludayi, ta kai in zai tashi sai an ɗaga shi, tafiyarsa ta koma ja da ƙafa kaɗan-kaɗan. Mutumin da yake kayar da bijimi shi kaɗai! Ni nake ba shi abinci a baki, Safiyanu ke ɗaukarsa ya yi masa wanka, shekara da shekaru, har Allah ya karɓi abinsa. Ƙanen Baffa ma da irin wannan ciwo ya tafi. Shi ya sa a gidanmu ba a kiran sunan ciwon, sai dai a ce "abin Baffa", a kuma yi sauri a sake magana.

Bayan rasuwar, Safiyanu ya sayar da bijimai daga cikin gadonsa ya sayo babur a Birnin Kudu. Ranar da ya kawo shi, daga bakin rafi ya sauka ya turo shi har gida, wai kada taɓo ya fallatsar masa. Ledar da aka rufe kujera da ita bai cire ba, wata ma ya ƙara. Sannan ya zauna wuni guda a kan ƙarafan nan biyu masu sheƙi da suka sauko daga hannun babur suka riƙe tayar gaba, waɗanda masu gyara ke ce wa shakazoba. Ya naɗe su da leda, ya bi da roba ya ɗaure sama da ƙasa tamau, ya bar tsakiya sako-sako don su riƙa shiga da fita. Ya kawo zare ja da kore ya yi musu ado a kai. Na ce masa, "Kai, amarya ka sayo ko abin hawa?" Ya yi dariya ya ce, "Adda, ƙarfen nan in ƙasa ta taɓa shi sheƙinsa ya tafi." Samarin rugagenmu kaf suka kwaikwaye shi.

Duk Juma'a kuma sai ya kai babur ɗin rafi, ya shigar da shi cikin ruwa har gindin inji, ya wanke shi da sabulu, ya goge da tsumma mai laushi. Naɗin nan kuwa bai taɓa kwance shi ba.

Da babur ɗin ya yi aure, ya kawo Zahara'u, da shi ya ciyar da 'ya'yansa. Sana'arsa ɗaya ce: kullum da safe ya bi rugage ya kwashi mata masu nono, ɗaya bayan ɗaya, ya kai su Gwaram. Mata suna rububinsa, saboda Safiyanu ba ya gudu, ba ya faɗa wa rami, za ki ɗora ƙwarya cike a cinyarki ki isa kasuwa ko ɗigo bai zuba ba. Ni ce fasinjarsa ta farko kullum, kuma ni kaɗai ce nake masa faɗa a kan ya ƙara wuta.

Ƙarshen daminar bara abin ya same mu. Muna sauka gangaren da ke kafin rafi, ina riƙe da ƙwaryata, sai ya taɓa birki. Na ji wani ƙwas daga gaba, babur ya dunƙufa kansa ƙasa, hannun babur ɗin ya shiga kaɗawa dama da hagu. Nono ya watsu a fuskata. Na ga bakin kwalbati yana tahowa, na ce innalillahi, na rintse ido. Allah dai ya tsare, Safiyanu ya dire ƙafa muka tsaya a karkace.

Na diro ina masifa. "Safiyanu, kashe ni za ka yi? Wane irin ganganci ne wannan da girmanka?"  Ya saki hannun babur yana kallon tafukansa, ni ma na kalla. Rawa suke yi, duka biyun. Nan take na daina masifar. Wallahi na san inda na taɓa ganin wannan.

Ya ce, "Tsorata na yi, Adda."

Na ce, "Eh, tsorata ce." Muka hau muka tafi.

Amma abin bai tsaya nan ba. Daga ranar, in ina bayansa ba hanya nake kallo ba, gwiwar hannunsa nake kallo. Da mun shiga gargada sai su kama ɓari, in ya sauka kuma ya yi sauri ya cusa hannuwan cikin aljihu. Zahara'u ta zo ta same ni ina burga nono, ta durƙusa tana murza bakin mayafi. Ta ce, "Adda, ya daina cin abinci da yara a kwano ɗaya. Kunu ma sai ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa yake sha." Na ce mata ta tashi ta bar ni, babu komai. Tana fita na ajiye maburgi na yi kuka.

Mata kuwa ba makafi ba ne. Ƙwaryar wannan ta zube, ta waccan ta zube, sai suka fara sulalewa wajen wasu masu babur. Hapsatu maƙwabciyarmu, wadda bakinta ba ya da ƙofa, ta ce a gaban mutane, "To, ai ɗan Baffa ne." Da ba a riƙe ni ba da na fasa mata ƙwarya a ka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, abin da ta faɗa shi ne yake cikin zuciyata.

Na same shi na ce mu je asibitin Birnin Kudu a duba shi. Ya girgiza kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ni na goye shi don haka dole ya ji maganata. Sai ya ce, "Adda, in likita ya faɗa, ya tabbata ke nan. Yanzu kuwa ina iya cewa gajiya ce. Ki bar ni da gajiyata." Ya ƙara da cewa yana tunanin sayar da babur ɗin kafin ya kashe 'yar wani. Na tambaye shi da me zai ci da yaran. 

Nonona ne ya fara buɗe mini ido. Masu saye a Gwaram suka fara ƙorafi wai ya tsinke, wai har mai yana tasowa a kai. Ni da na san abin da na ɗauko daga gida! Washegari na kasa kunne ga jikina maimakon in kalli nasa. Ashe haƙorana haɗuwa suke yi, ƙuguna yana dukan kujera, kuma ƙwas ɗin nan yana fitowa a kowane rami. Na ce a raina, to ni hannuna lafiya lau, me ke kaɗa ni haka?

Da muka sauka na ce, "Safiyanu, babur ɗin nan ne ba shi da lafiya."

Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce, "Babur ɗin da ko ƙwarzane babu? Dube shi fa, Adda. Sabo ne fil."

Na ce, "Sabo a ido. Gobe ka kai ni Birnin Kudu, ina da man shanun da zan kai wa matar Malam Barau." Gaskiya ne akwai man, amma shi Malam Barau bakaniken babura ne, kuma garejinsa a ƙofar gidansa yake. Safiyanu ya san da haka, ya harare ni, amma bai ƙi ba.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. A kan kwalta ma babur ɗin bai natsu ba. Duk lokacin da babbar mota ta wuce mu sai gaban ya yi lilo, ni kuma in ƙanƙame ƙarfen baya ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kuma tsorona biyu ne a lokacin. Ina tsoron mu faɗi, ina kuma tsoron mu isa Barau ya duba ya ce babur lafiyarsa ƙalau. Da muka zo wucewa ta ƙofar asibiti, Safiyanu ya kawar da kansa ɗaya gefen.

Malam Barau dattijo ne gajere mai furfura, ba ya son yawan magana. Muka gaisa, na miƙa man cikin gida, na dawo na zayyana masa komai, ban da zancen hannu. Bai ko kunna babur ɗin ba. Ya kama hannun babur ɗin, ya matse birkin gaba, ya danna da ƙarfinsa. Gaban ya nutse har ƙasa, ƙwas, sannan ya taso a hankali kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Ya sake dannawa, ya sake jin ƙwas. Ya durƙusa ya shafa ƙasan naɗin, ya duba yatsansa, ya shinshina.

Ya ce, "Malam Safiyanu, yaushe rabon da a kwance wannan rawanin?"

"Ba a taɓa ba."

"Tun da ka saya?"

"Tun da na saya."

Barau ya ce, "Tirƙashi." Ya ɗauko reza. Safiyanu ya miƙa hannu kamar zai hana shi, sai na daka masa tsawa ya janye. Reza na tsaga ledar, wani ruwa ja mai wari ya tsiyayo, haɗe da baƙin mai da yashi. Ƙarfen da muka sani yana sheƙi ya yi tsatsa, duk ya yi tabo-tabo. Safiyanu ya dafe kai ya ce, "Wayyo, ni da na rufe shi don kada ya lalace!"

Barau ya ce, "Ruwan da kake wanke shi da shi yana shiga, ba ya samun hanyar fita. Yashi ya bi shi. Tsatsa ta ci ƙarfen, ƙarfen ya yaga robar da ke tare mai, man ya tsiyaye a ƙarƙashin leda ba wanda ya gani. Da a buɗe yake, da tuni ka ga danshi ka kawo shi."

Ya ɗora gindin babur a kan wani kututture har tayar gaba ta bar ƙasa, ya cire ta, ya kwance notuna, ya zaro shakazoban biyu, ƙafafun gaba ke nan, ya kwantar a kan buhu. Ya buɗe kan na hagu ya kifa shi a gwangwani, sai ɗan wani abu toka-toka mai kauri ya ɗigo, bai fi cikin cokali ba. Ya kifa na dama, ko ɗigo. Ya ce man nan shi ke shanye dukan hanya, in babu shi ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, kuma dukan a hannun mai tuƙi yake ƙarewa. Ya zaro sifirin biyu daga ciki, wayoyin ƙarfen nan masu murɗi, ya jera su da sabo, duk sun gajarce, ɗaya ya fi ɗaya. Ya kama bututun, wato ƙarfen nan da ya yi tsatsa, ya jijjiga shi a cikin gidansa muka ji yana ƙwal-ƙwal, ya ce zoben da ke riƙe shi ya cinye. Ya mirgina kowanne a kan wani faffaɗan gilashi don ya ga ko ya lanƙwashe, sannan ya bi su da farce. Na hagu ya ce zai gogu. Na dama farcensa yana maƙalewa a ramukan tsatsa, ya ce wannan sai dai sabo, don ko an sa masa sabuwar roba yanka ta zai yi.

Ni duk wannan bayani ba shi nake jira ba. Na matsa kusa na ce, "Malam, don Allah, wannan zai iya sa hannun mutum karkarwa?"

Safiyanu ya sunkuyar da kai. Barau ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Ƙwarai kuwa. Wanda ya wuni a kan wannan, ko ya sauka hannunsa zai jima yana zuga. Ni mamaki ma nake da ba ku faɗi ba."

Kai jama'a! Daɗin da na ji bai misaltuwa. Na zauna daɓas a kan benci ina ta alhamdulillahi, hawaye na zuba, ban damu da masu wucewa ba. Na nuna Safiyanu da yatsa na ce, "Ka ji ko? Ka ji? Kai da ledarka kun kusa kashe ni da fargaba!" Ya yi murmushi, murmushin farko da na gani a fuskarsa tun ranar gangaren nan, amma hannuwansa suna cikin aljihu.

Aikin ya ci har bayan azahar. Barau ya wanke komai da fetur, ya goge na hagu da takardar yashi mai laushi har ya dawo sumul, ya shiga kasuwa ya sayo sabon bututu da sauran kayan. Sabuwar robar da guntun fayif ya buga ta a hankali har ta zauna daidai. Man kuwa da bulumbotin jarirai ya auna shi, ya zuba wa kowace ƙafa daidai da 'yar'uwarta, ya ce in ɗaya ta fi ɗaya babur zai riƙa ja gefe. Ya mayar da komai ya ɗaure, ya matse birki ya danna. Gaban ya sauka a hankali ya dawo, shiru. Ya hau ya zaga layi, ya bi ta kan ramuka da gangan, ya dawo ya miƙa makulli. Ya ce, "A bar ƙarfen nan ya sha iska. In ya yi datti, tsumma ya ishe shi."

Muka kamo hanyar gida. Babur ɗin ya koma yadda na san shi da, ba ƙwas, ba lilo. Muka wuce asibiti ban ko kalle shi ba. Bakina ya buɗe, ina ta zuba, ina faɗin abin da zan gaya wa Hapsatu in mun isa, da yadda zan sa ta maimaita maganarta a gaban mutane. Na duba gwiwar hannunsa, tsaye suke cak. Na ce, "Ƙara wuta mana, yau ba nono a cinyata!"

Bai ƙara ba. Mun wuce garin Sundimina da kaɗan sai ya rage gudu, ya gangara gefen titi ƙarƙashin wata tsamiya, ya kashe inji. Na ce, "Mene ne kuma? Wani abin ya sake kwancewa?"

Ya sauka ya zauna a kan saiwar bishiyar. Ya ce, "Adda, zo ki gani. Na gaji da gani ni kaɗai."

Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwoyinsa, ya sake su. Na hagu ya kwanta lafiya. Na dama ya ɗan yi shiru, sannan babban yatsa ya fara motsi, a hankali, shi kaɗai, sauran yatsun suka bi shi. Inji a kashe, babur yana can gefe, ko iska babu.

Na ce, "Zugar hanya ce. Ba ka ji abin da Barau ya ce ba? Sai ta jima kafin ta sake ka."

Ya ce, "Tun kafin damina yake yi, Adda. In na farka da safe, ban ko taɓa babur ba. Da na ga gaban yana kaɗawa sai na ɗauka ni ne nake kaɗa shi. Yau na san ba ni ba ne, ba zan kayar da kowa ba tukuna. Malam Barau ya gyara na babur. Wannan kuma nawa ne."

Na durƙusa na kama hannun da hannuwana biyu na matse shi, kamar in na matse sosai zai daina. Ina jin sa yana motsi a cikin tafukana. Ni da na yi wata da watanni ina masa ihun asibiti, sai na ji bakina yana cewa, "Mu tafi gida, Safiyanu. Gajiya ce. Ka huta kwana biyu mu gani."

Ya ce, "A'a, Adda. Yanzu da sauran rana."

Ya zare hannunsa daga nawa, ya tashi ya kama babur, ya juya kansa ya fuskanci Birnin Kudu. Ya buga ya tashi. Ya waiwayo ya ce, "Hau. In an kira sunana ki shiga wajen likita tare da ni, don ni tsoro nake ji."

Na hau.